Yadda ake gano matsalar fitilar ribas da sauran fitilun bayan mota

Fitilun baya su ne waɗanda direba ba ya gani da idonsa. Ta gaba in ta mutu, a daren farko zai sani. Ta baya kuwa tana iya yin wata guda a mace, sai ranar da wani ya tsayar da shi ya gaya masa, ko jami'in kiyaye haɗurra ya ɗaga masa hannu, ko mai babur ya daki motar ta baya saboda bai ga wutar birki ba. Galibin waɗannan matsaloli ƙanana ne: ƙwai ya ƙone, fiyus ya tsinke, tsatsa ta ci soket. Abin da ke cinye kuɗi shi ne sayen kaya da ka, a canza wannan a canza wancan ba tare da an gwada komai ba.

Wutar kowace fitila hanya ɗaya take bi. Tana fita daga batir, ta ratsa fiyus, ta isa makunni, ta bi waya har bayan mota, ta shiga soket da ƙwai, sannan ta koma ta wayar nagetif, wadda masu wayarin ke kira at, ta shiga ƙarfen bodi ta koma batir. Duk inda hanyar nan ta yanke, fitila ta mutu. Aikinka shi ne gano daidai inda ta yanke.

Kayan aiki da tsare kai

Kana bukatar testa, wato ɗan ƙwai mai waya da tsinke, da mita mai auna wuta idan akwai, da sufana mai lamba 8 da 10, da sukudireba, filaya, samfefa mai laushi, tef ɗin wuta, da guntuwar waya kamar kamu biyu. Ka tanadi ƙwai ɗaya da ka tabbata yana aiki, da fiyus na amfiya 7.5, 10 da 15. Testa mai ƙwan gaske na wat 5 ta fi mita amfani a wurare da yawa, domin mita tana iya nuna bolt 12 a wayar da saura silli ɗaya ya riƙe ta, alhali wayar ba za ta iya kunna ƙwai ba. Testa tana jan wuta, don haka ba ta ruɗuwa da irin wannan.

Gwajin fitilar ribas ba ya bukatar inji ya tashi, kuma kada a tayar da shi. A faka motar a wuri mai daidaito, a ja birkin hannu, a sa dutse ko katako a gaba da bayan taya. A murɗa makulli zuwa ON, inda fitilun dashbod ke kamawa, a tsaya nan. Mota mai maɓallin tayarwa kuma a danna shi sau biyu ba tare da an taka birki ba. Sannan a sa giyar ribas. Mutum ya tsaya a bayan motar da injinta ke aiki tana cikin ribas, wannan ganganci ne da ya sha jawo rauni.

Mataki na farko: duba waɗanda suka mutu da waɗanda ke raye

Kafin ka kwance ko da noti ɗaya, sa wani ya zauna a mazaunin direba, kai ka tsaya a gefen baya. Ya kunna fakin, wato ƙananan fitilun da ke kamawa kafin manyan fitilun gaba, ya taka birki, ya ba da sigina hagu da dama, ya sa ribas. Daga nan ya haɗa su: fakin da birki tare, birki da sigina tare. Idan kai kaɗai ne, ka matsa da bayan motar kusa da bango da daddare, hasken zai nuna a jikinsa.

Abin da ka gani a nan shi ne rabin aikin. Idan fitila ɗaya ce ta mutu 'yar'uwarta ta ɗaya gefen tana ci, to galibi fiyus da makunni lafiyarsu ƙalau, matsalar tana ƙwai ko soket ko wayar gefen. Idan duka biyun sun mutu, hankali ya koma kan abin da suke tarayya a kai: fiyus, makunni, ko babbar wayar da ta taho daga gaba. Amma kada ka cire ƙwai daga zargi, domin sau da yawa ɗaya ya daɗe da ƙonewa ba a lura ba, sai da na biyun ya bi shi. Idan kuma fitilun suna rikicewa, a taka birki sigina ta yi ja-ja, ko a ba da sigina dukkan fitilun gefen su riƙa lumshewa tare, wannan aikin at ne kusan kowane lokaci.

Akwai abin da ke ruɗa masu motocin da aka shigo da su daga Turai. Wasu daga cikinsu, irin Golf 5, fitilar ribas ɗaya tak aka yi musu a gefe guda, ɗaya gefen kuma jar fitilar hazo ce. Ka duba gilashin: in gurbin gefen ja ne ba fari ba, babu abin da ya lalace.

Mataki na biyu: ƙwai

Ana kaiwa ga ƙwan ta cikin but. A wasu motocin akwai ɗan murfi a jikin kafet, a wasu kuma sai an kwance noti biyu ko uku masu lamba 10 an zaro fitilar gaba ɗaya. Ka ja ta a miƙe, domin akwai ƙusoshin roba da ke karyewa in an murɗa. Soket ana juya shi hagu kaɗan ya fito. Ƙwai mai gindin ƙarfe ana danna shi ciki a juya hagu, mai gindin gilashi kuma zaro shi kawai ake yi.

Ɗaga shi a haske. Siririn zaren ciki in ya tsinke, ko gilashin ya yi baƙi ko fari kamar hayaƙi, ya gama aiki. Ido yana iya kuskure, saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce musanya: ɗauko na gefen da ke ci ka sa a nan. In ya kama, ƙwai ne. In bai kama ba, ci gaba.

Wajen saye a kula da lamba, tana rubuce a gindin tsohon. P21W, wanda ake kuma kira 1156, zare ɗaya gare shi na wat 21, da ɗigon dalma ɗaya a ƙasa. P21/5W, wato 1157, zare biyu ne: na wat 5 don fakin, na wat 21 don birki, da ɗigon dalma biyu, kuma kunnuwansa biyu ba tsayinsu ɗaya ba don kada a sa shi a juye. Motocin Toyota da Honda da yawa suna amfani da masu gindin gilashi: W16W ko 921 a ribas, 7440 mai zare ɗaya, 7443 mai zare biyu. Fitilar lamba yawanci W5W ce.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tura ƙwai mai zare ɗaya da ƙarfi cikin soket mai zare biyu. Ɗigon dalmarsa yana haɗe layin birki da na fakin, sai ka ga an taka birki fitilun fakin na gaba da hasken dashbod sun kama. In kuma an juya mai zare biyu, fakin zai yi haske sosai, birki ya yi rauni, na bayanka ba zai gane ka taka birki ba. Haka nan kada a sa ƙwan da ya fi wat ɗin da aka tsara don neman ƙarin haske, zafinsa yana narkar da soket da gilashin roba.

Idan ƙwai yana yawan ƙonewa, a auna batir inji yana aiki. Daidai shi ne tsakanin bolt 13.8 da 14.4. In ya haura 15, altaneta ce ke cika caji, kuma za ta ci gaba da ƙona ƙwai har a gyara ta. Ruwan da ke taruwa cikin fitila da girgizar fitilar da notinta ya saki su ma suna rage wa ƙwai kwana.

Mataki na uku: soket da at

A nan ya kamata a daɗe, domin nan ne matsalar tsofaffin motoci ta fi zama. Leƙa cikin soket. Kore-kore ko farin gari alamar ruwa ya shiga ne, ko na damina ko na wurin wankin mota. Robar da ta yi baƙi ko ta narke alamar haɗin ya yi sako-sako yana zafi. Kashe makulli, ka goge ƙarafunan da samfefa har su yi ƙyalli, ka ɗan ɗago harshen da ya kwanta da bakin sukudireba don ya matse ƙwai. Soket ɗin da ya narke ba ya gyaruwa, a yanke shi a sa wani.

Yanzu kunna layin da kake bincike, misali makulli a ON giya a ribas. Maƙala wayar testa a ƙarfe mai tsabta na bodi, kamar noti marar fenti, ka taɓa tsinken a harshen wuta na soket. In testa ta kama, wuta tana isowa, saura hanyar komawa. In ba ta kama ba, matsalar tana gaba, ka wuce mataki na huɗu.

Gwajin at ba shi da wuya. Mayar da ƙwai, ɗauki guntuwar wayarka, ka haɗa bakinta ɗaya da wayar at ta fitilar, ɗaya bakin da ƙarfen bodi mai tsabta. In fitilar ta kama, ko rikicewar ta daina, ka gano ta. Launin wayar yana taimakawa: a Volkswagen ruwan ƙasa ce, a Toyota fara mai baƙin layi, a Honda baƙa. Bi ta har inda aka ɗaure ta da noti a jikin bodi, yawanci bayan kafet ɗin but kusa da fitila. Kwance notin, kankare tsatsa da fenti har farin ƙarfe ya fito, goge zoben wayar, ɗaure da kyau, sannan ka shafa ɗan giris a sama don hana ruwa. Mai mita zai iya tabbatarwa: fitila tana kunne, auna tsakanin at na soket da ƙarfen bodi. Abin da ya wuce bolt 0.2 zuwa 0.3 yana nuna haɗin bai yi kyau ba.

Dalilin rikicewar shi ne wuta dole ta sami hanyar komawa. In at ɗinta ya yanke, sai ta bi ta zaren wani ƙwan da ke kusa ta fita ta layinsa, shi ya sa fitilu biyu ko uku ke kamawa tare da rauni. Motar da aka taɓa yi wa gyaran bodi da fenti a baya ita ce ta fi kamuwa da wannan, saboda ana ɗaure wayar a kan sabon fenti.

Mataki na huɗu: fiyus

Akwatin fiyus yawanci biyu ne, ɗaya a ƙarƙashin dashbod gefen direba, ɗaya a cikin bonet. Zanen yana jikin murfi ko a littafin motar. A Toyota nemi STOP don birki, TAIL don fakin. Ribas a tsofaffin samfura da yawa tana kan fiyus mai suna GAUGE, a sababbi kuma BK/UP LP. A wasu motocin Honda akwai fiyus mai suna BACK UP wanda ba na fitilar ribas ba ne, na riƙe ƙwaƙwalwar rediyo da agogo ne, don haka a karanta zanen da kyau.

Ba sai ka zare kowane fiyus ba. A bayansa akwai ɗigon ƙarfe biyu. Layin yana kunne, taɓa testa a kowanne. Duka biyu sun kama, lafiya. Ɗaya ya kama ɗaya bai kama ba, ya tsinke. Babu wanda ya kama, wuta ba ta iso akwatin ba, a duba ko an kunna layin, sannan a duba rile, wato ɗan akwatin da ke sakin wuta zuwa layin idan an kunna makunni, ko babban fiyus.

A maye gurbinsa da mai lamba iri ɗaya. Launi yana nunawa: 7.5 ruwan ƙasa, 10 ja, 15 shuɗi, 20 ruwan ɗorawa, 30 kore. Ƙwai biyu na wat 21 wutar da suke ja ba ta wuce kimanin amfiya 3.5 ba, don haka fiyus na 10 ba ya tsinkewa haka kawai. In sabo ya sake tsinkewa nan take, wata waya ce ta ɓare tana taɓa bodi. Naɗa wayar tagulla ko takardar sigari a gurbin fiyus, ko sa na 30 a wurin na 10, yana mayar da wayar motar kanta ta zama fiyus. Ta haka wayarin ke narkewa, ta haka motoci ke kamawa da wuta.

Ga dabarar gano inda wayar ta taɓa. Cire dukkan ƙwan da ke kan layin. Haɗa ƙwai na wat 21 da wayoyi biyu ka soka su a ramukan fiyus ɗin. Muddin wayar tana taɓa bodi, ƙwan zai haska sosai. Sai ka bi wayarin kana motsa shi sashe-sashe, kana zare filogi ɗaya bayan ɗaya. Inda hasken ya ɗauke, nan ne wurin. Idan fiyus ɗin TAIL ya fara tsinkewa bayan an sa sabon rediyo, a fara dubawa bayan rediyon, domin ana yawan kuskuren ɗaukar wayar hasken dashbod a matsayin at.

Motocin Turai da yawa suna raba fiyus ɗin fakin, hagu daban dama daban. In fakin na gaba da na baya sun mutu a gefe ɗaya, fiyus ɗin gefen ne.

Mataki na biyar: makunnin ribas

Ƙwai lafiya, fiyus lafiya, amma wuta ba ta zuwa baya, to lokacin duba makunni ya yi.

A mota mai kuloc, makunnin yana ɗaure a jikin giyabos kamar babban noti, da filogi mai waya biyu. A cikinsa akwai ɗan ƙarfe da sandar giya ke dannawa idan an sa ribas. Zare filogin, makulli a ON, gwada ramukan biyu da testa. Ɗaya dole ya kasance da wuta. In babu, matsalar tana tsakanin fiyus da nan. In akwai, haɗa ramukan biyu da guntuwar waya. Fitilun baya sun kama, makunnin ne ya mutu. Ba su kama ba, wayar da ta tafi baya ce ta yanke.

Wajen canzawa, bari inji ya huce, goge ƙurar da ke kewaye don kada ta faɗa cikin giyabos, ka ajiye ɗan kwano a ƙasa domin a wasu motocin mai yana zubowa. Kula da wasar da ke gindinsa, wato siririn zoben da ke tsakaninsa da giyabos. Kaurinta shi ke daidaita nisan da makunnin ke shiga: in ta yi kauri sandar ba za ta danna shi ba, in babu ita yana iya zama a danne fitila ta ƙi mutuwa. Fara ɗaurawa da hannu, sannan sufana, kuma kada a matse fiye da kima, domin jikin giyabos alminiyam ne, zarensa yana saurin lalacewa.

A mota otomatik aikin yana hannun wani makunni mai faɗi da ke gefen giyabos, daidai inda kebur ɗin giya ya ɗaure. Shi ke gaya wa mota ko tana P, R, N ko D, shi ne kuma ke hana ta tashi a cikin giya. Sa ribas ka dubi dashbod. In harafin R bai nuna ba, ko sai ka ɗan motsa sandar giya fitilar ke kamawa, ko motar wani lokaci tana ƙin tashi a P sai a N, makunnin ya goce ko cikinsa ya yi datti. Ana saita shi ne giya tana N: a sassauta notinsa biyu, a juya shi har layin da ke jikinsa ya daidaita da tsagin sandar, a ɗaure. Bayan haka dole a tabbatar, ƙafa a kan birki, cewa inji yana tashi a P da N kawai. In R yana nunawa daidai amma baya duhu, a yawancin motoci makunnin lafiya yake, a koma kan waya.

Mataki na shida: wayar da ta tafi baya

Waya ba ta cika yankewa a tsakiyar hanya ba, sai inda take lanƙwasa. Idan fitilar tana jikin murfin but, kamar ribas ɗin Camry ta 2007 zuwa 2011, ko a ƙofar baya ta mota mai dogon baya, wayoyin suna bi ta maɗaurin murfin ko ta cikin wata roba mai kama da maƙogwaro. Kowane buɗewa da rufewa yana lanƙwasa su, bayan shekaru sai su karye a ciki. Alamar ita ce fitila ta kama in an ɗaga but ta mutu in an rufe, ko fitilar lamba da makullin but su lalace a lokaci ɗaya. Janye robar, ka ja kowace waya a hankali. Wadda ta miƙe kamar roba ta karye a ciki. Kada a haɗa ta daidai wurin lanƙwasar. A yanke sashen gaba ɗaya, a sa sabuwar waya mai laushi mai kauri iri ɗaya, mahaɗan biyu su faɗa inda ba ya motsi, a yi musu dalma a rufe.

Wuri na biyu shi ne duk inda aka taɓa ƙara wani abu: kyamarar ribas, ƙararrawar ribas, ƙarin fitilun ado. Ana fere wayar ribas a murɗa tasu a kai a naɗe da tef, zafi ya sa tef ya saki. Cire ƙarin, gwada fitilar ita kaɗai.

Abin da ya keɓanci fitilar birki

Fara da fitila ta uku da ke saman gilashin baya. In tana kamawa na gefe biyu ba sa kamawa, fiyus da makunni lafiya, a duba ƙwai da soket. A Camry ta shekarun 1992 zuwa 2001 akwai ɗan akwati a cikin but mai lura da ƙonewar ƙwai, wutar birki ta cikinsa take bi, kuma in dalmar cikinsa ta tsage yana kashe fitilun gefe.

In duka ukun sun mutu, fiyus ɗin STOP ne ko makunnin da ke saman fedar birki. A mota otomatik akwai ƙarin shaida: sandar giya za ta ƙi fita daga P. Gwada filogin makunnin: waya ɗaya tana da wuta koyaushe, ɗayar sai an taka birki.

In kuma fitilar birki ta ƙi mutuwa har tana kashe batir cikin dare, duba kan tabarmar ƙafar direba. Za ka iya ganin ɓaraguzan roba. Wata 'yar roba ce da ke jikin fedar, ita ke danne makunnin idan an saki birki, kuma in ta tsufa tana farfashewa. Sabuwa ba ta da tsada, dannawa kawai ake yi cikin raminta.

Sababbin motoci da ƙwan LED

A motocin zamani makunni ba ya kai wuta ga fitila kai tsaye, saƙo yake aika wa kwamfutar bodi, ita ta kunna. A irinsu kada a ɗauko wuta daga batir a soka a waya don gwaji, ana iya ƙona kwamfutar. Bayan an tabbatar da ƙwai, fiyus da at, sauran aikin na na'urar bincike ne, wadda za ta nuna ko kwamfutar tana ganin an sa ribas. Fitilar da aka ƙera da LED daga kamfani ba a canza mata ƙwai, sai dai a canza allon ko fitilar duka.

Wanda ya sa ƙwan LED a gurbin na asali ya san cewa wasunsu suna da gaba da baya: in bai kama ba, a zare a juya shi. A sigina yana sa ta yi saurin ƙiftawa saboda ƙarancin wutar da yake ja, kuma a soket mai zare biyu wanda tsarinsa bai dace ba yana iya tsinka fiyus.

Kafin a mayar da fitila, a duba soson da ke tsakaninta da bodi. In ya yage ko ya bushe, a canza shi, in ba haka ba ruwan damina zai koma cikin soket ɗin da aka goge. Fitilar da ruwa ya taru a cikinta a zubar, a shanya ta, a toshe tsagin da silikon ta waje, amma a bar ƙananan ramukan shan iska a buɗe. A ɗaure notin da hannu sannan a ɗan ƙara, domin roba ce ke riƙe da su. Daga nan a maimaita gwajin farko gaba ɗaya, fakin da birki da sigina da ribas, ɗaya-ɗaya sannan a haɗe, but a buɗe sannan a rufe.